Zulfa a Bayan Babur

Asabar, 5 ga Agusta 1995, da hantsi

Na canza wa babur baƙin mai, na sa an ƙara wa tayar baya iska.

Jiya saƙon Misbahu, ƙanen matata Kubura, ya iso daga Kaduna ta bakin wani direba. Wai ranar Asabar ta ƙarshen hutun makaranta zai zo ya tafi da 'yarsa. Haka direban ya faɗa a ƙofar gidana, 'yarsa. Tun yaye Zulfa take hannunmu, ga shi tana shirin shiga aji shida. Allah bai ba mu haihuwa ba, ita kaɗai ce take kirana Baba. Abin da ya shiga tsakanin Kubura da matar Misbahu, mahaifiyar Zulfa, a wurin sunan watan jiya, ba zan rubuta shi ba. Ba na cikin gidan a lokacin, kuma kowa da yadda yake faɗa.

Ni mijin yaya ne kawai, ba ni da ta cewa a kan 'yar mutane. Amma akwai manyan da Misbahu ba ya ƙetare maganarsu: Gwaggo Gaji a Ringim, Kawu Bubayero a Miga, sai Baffa a Aujara, yayan mahaifinsu, wanda yake ba da karatu a zaurensa. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya in kama ƙafa. Zan fara da mai sauƙi, in bar Baffa sai ƙarshe, lokacin bakina ya saba. Kuma da Zulfa zan riƙa tafiya, su gan ta da idonsu, su ga irin riƙon da aka yi mata.

Ita da Kubura na ce musu yawon buɗe ido za mu yi, tunda na karɓi hutuna a ma'aikatar gona. Ba ƙarya na yi ba. Tun da aka ba mu jiha muka taso daga Kano zuwa Dutse, ban san ko'ina ba sai ofis da masallaci. Zulfa ba ta san da saƙon ba, ina jin.

Dabarar ta yi mini daɗi har na kasa zama wuri ɗaya. Allah ya sa ban yi gaggawa ba.

Litinin, 7 ga Agusta, bayan la'asar

Mun fara da na gida. Muka ajiye babur a Garu muka hau duwatsu da ƙafa. Kullum ina hangensu ta tagar ofis, ashe ban san su ba. Akwai wanda ya fi gidanmu girma, yana zaune a kan wani ɗan ƙarami kamar yanzu aka ɗora shi, har na ji tsoron mu bi ta ƙarƙashinsa. Ruwan shekaranjiya ya kwanta a ramuka, 'ya'yan kwaɗi suna ta iyo. Daga can sama kuwa ba a magana. Dabino a tsaitsaye, gero kore shar har iyakar gani, sabon kwanon rufi yana ta walƙiya ta wajen sakatariya. Zulfa ta riga ni gano unguwarmu. Ta ce har ta hango Ummanta Kubura tana shanya, na ce ban yarda ba, ta ce to ga jan zanen can. Na duba na sake dubawa, ban ga komai ba.

A saukowa na zame na zauna daɓas. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce sai ta ba da labari a makaranta. Na saya mata ɗanyen dabino don ta rufa mini asiri, ta cinye sannan ta ce ai ba ta yi alkawari ba.

Kubura ba ta tambaye mu yadda muka je ba.

Laraba, 9 ga Agusta, da azahar

Ruwa tun asuba, ba fita. Na tsara maganar da zan yi wa Gwaggo: gaisuwa, sai tarihin riƙo, sai roƙo. Na maimaita a ɗaki har na haddace.

Alhamis, 10 ga Agusta, bayan magariba

Ringim. Yau na ga ƙasa.

Muka bi ta Kiyawa da Jahun. Hanya duk ƙamshin danshi, shamuwa a kan kowace kuka. A gada na tsaya, kogi ya cika ya tumbatsa, ruwan ja wur, masunta suna jefa birgi daga kwalekwale. Zulfa ta ce in daina waƙa a kan babur, mutane suna kallonmu. Ban ma san ina yi ba.

Kafin mu shiga gidan Gwaggo na kai ta marina. Wani dattijo ya tsamo zane daga karofi, ya fito kore, muna tsaye ya rikiɗe ya zama shuɗi a idonmu. Ya ce iska ce take gama aikin. Zulfa ta tsoma yatsa a ɓoye, har yanzu farcenta bai wanku ba.

Gwaggo na ganinta ta ce wannan doguwar kuma wa ya ja ta, ko da takin zamani ake ciyar da ita tunda a gidan ma'aikacin gona take. Zulfa ta ce gara doguwa da mai haƙori biyu. Gwaggo ta ɗauko muciya, suka zagaya tsakar gida. Ni ina tsugune a bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

Na yi gaisuwa daidai. Na kawo tarihin riƙo daidai, tun daga ranar da aka kawo ta a goye, da ƙyandar da ta yi, da saukar izu biyar ɗinta. Da na iso kan roƙo sai na kasa ci gaba. Yaya zan dubi suruka in ce a hana ɗanta 'yarsa? Ina cikin neman ta inda zan fara, sai na ga Gwaggo tana share hawaye. Ta shiga ɗaki ta buɗe adaka, ta fito da zane na rini da wata 'yar tasa ta ba Zulfa.

Ta ce, "Malam Gwadabe, ka yi abin da ba kowa yake yi ba. Allah ya biya ka."

Ban kai ga roƙon ba, amma ina ganin ta gane. Wanda ba ya bayanka ai ba zai buɗe adaka ba. Ina ganin ta gane.

Litinin, 14 ga Agusta, da la'asar

Birnin Kudu. Ba dangi a can, wannan tamu ce ni da ita.

Mai kula da wurin ya shigar da mu ƙarƙashin wani dutse, sai da ido ya saba sannan muka gansu: shanu, an zana su da jan abu a jikin dutsen, masu dogon ƙaho, ba su da tozo. Ya ce ba wanda ya san su waye suka zana, tun kafin a kafa garin suke. Na tsaya ina kallo har wuyana ya gaji. Wani mutum ya zauna a nan ya zana shanunsa don kada a manta nasa ne. Daga nan ya nuna mana dutsen da yake ƙara kamar ƙararrawa in an buga shi da tsakuwa, kowane gefe da muryarsa. Zulfa ta fitar da taken tashi daga makaranta a kansa. Sai da na ja ta muka tafi.

A hanyar dawowa ta tambaye ni ko Kaduna akwai duwatsu. Na ce ban sani ba. Wataƙila darasin labarin ƙasa ne ya faɗo mata.

Asabar, 19 ga Agusta, bayan magariba

Miga. Jikina duk ciwo amma ba zan kwanta ban rubuta ba.

Ruwa ya cinye hanyar rugar su Kawu Bubayero, sai muka bar babur a gidan wani mai shayi muka shiga kwalekwale. Ban taɓa shiga ba. Na riƙe gefe da hannu biyu ina karanta duk abin da na sani, Zulfa kuwa hannunta a ruwa tana tsinko furen bado. Sai muka zagaya wata kwana, fadama ta buɗe. Tsuntsaye. Balbela fari fat kamar an yi shanyar likkafani, Allah ya yafe mini, abin da ya zo mini ke nan. Kirinjijiya suna tashi garke garke suna fito, zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya bai kula kowa ba. Mai fito ya nuna mana gauraki biyu can nesa, ya ce yanzu sun yi ƙaranci, mun yi sa'a. Shekara arba'in da wani abu ina duniya, wannan wuri yana nan kusa da ni.

Kawu ya sa aka dama fura da nonon da aka tatsa da safe, aka gasa mana tumu. Ya yi ta zancen ambaliya da ciwon kofato. Ya ce da Zulfa 'yar birni ba ta iya cin tumu ba, ta ce ya ba ta saniya ɗaya ta koya. Na jira ya numfasa, na gyara zama, na fara da tarihin riƙo. Ya ɗaga hannu ya ce in bar shi haka, labari ya riga ya zo masa daga Ringim cewa ina zagayawa da yarinya, kuma na kyauta ƙwarai. Ya tashi ya kama hannunta ya bi da ita bukka bukka. Wannan tsohuwa ta ba da ƙwan zabi, waccan man shanu, wata gyaɗa. Shi kuma ya kamo budurwar kaza ya ɗaure mata ƙafa.

Nan ma ban kai ga roƙon ba. Amma irin wannan ƙauna da aka nuna mata, ya za a yi su yarda a kai ta nesa? Muka dawo da kaza a rataye tana ta ihu tun daga Miga har Dutse. Zulfa ta yi shiru a baya. Gajiya ce.

Lahadi, 20 ga Agusta, da hantsi

Kubura ta shimfiɗa tabarma ta jera kayan: zanen, tasar, ƙwan, man, gyaɗar. Ta aiki Zulfa maƙwabta. Ta tambaye ni me na ce wa Gwaggo da Kawu. Sai na buɗe mata dabarar duka, ina jin daɗin kaina. Ta sake tambaya, ba abin da na yi niyya ba, abin da na faɗa da bakina. Na ce ban kai ga faɗa ba tukuna.

Ta nuna kayan da ke kan tabarma.

"Baban Zulfa, wa yake zagaya dangi da yarinya ana gab da ɗaukar ta? Sallama ka kai ta. Wannan kayan sallama ne."

Ta ce jiya wata 'yar Ringim ta tare ta a gidan biki tana yaba mata haƙuri, wai an ji mun saki yarinya cikin mutunci ba tare da ja-in-ja ba. Ta ce in har Miga ta ji, Kaduna ta ji.

Na san al'adar nan. Ni na raka ƙanwata irin wannan yawo da za ta koma wurin mijinta a Gusau. Ban san inda hankalina ya tafi ba.

Litinin, 21 ga Agusta, da la'asar

Ban fita ba.

Talata, 22 ga Agusta, da azahar

Kazar Kawu ta shiga ɗakina ta ɓata mini takardu. Ban iya ko korar ta ba.

Ina ta komawa kan maganar Gwaggo. Ka yi abin da ba kowa yake yi ba. Ni kuwa har da sunkuyar da kai ina cewa amin.

Alhamis, 24 ga Agusta, bayan la'asar

Saura Baffa. In na je da ita, na cika sallama. In ban je ba, shi ke nan. Zan je ni kaɗai jibi. Ba tsari wannan karon, tsarin ne ya kai ni ya baro.

Ko kuwa in fara da gaisuwa dai. Ba a shiga wa malami haka.

Asabar, 26 ga Agusta, bayan magariba

Na fito da asuba na tarar da ita zaune a kan babur, ta yi wanka ta sa hijabi. Ta ce ai saura gidan Baffa. Na kasa ce mata ta sauka.

Hanyar Aujara ta fi duk sauran kyau, in da zan faɗi gaskiya, sai dai yau da rabin ido na gan ta. Gero ya fi tsayin mutum, ya rufe hanya dama da hagu, kana tafiya kamar a lungu. Muka iso wani tafki da kukoki suka kewaye, na tsaya injin ya huce. Ta zauna a kan saiwa tana jifan ruwa. Ba ta dube ni ba, sai ta yi magana.

"Baba, murna kake yi zan tafi?"

Ashe tana bayan ƙofa ranar da direban ya zo. Ta ji komai. Ta ce ta jira in ce wani abu, sai ta ga na wanke babur ina waƙa. Ta ce ta lura duk inda muka je sai na ba da labarin wahalar da aka sha a kanta, ƙyanda da sauransu, sannan a ba ta kaya. Ta ce ba komai, ta san na gaji ne.

Ban san me na ce ba. Ina jin cewa na yi ta hau mu tafi.

Mun sami Baffa a zaure bayan azahar, da dattawa masu ɗaukar karatu a gabansa, littattafai a buɗe. Zulfa ta gaishe shi ta shige cikin gida. Ya dube ni da fara'a ya ce ya ji labari, yana ta jiranmu, har ya tanadi addu'ar da zai yi mata. Ya ɗaga hannu zai fara. Ban gaishe shi ba. Wallahi ban gaishe shi ba, a gaban mutane.

"Baffa, ba sallama na zo ba. Roƙo na zo. A bar mana ita."

Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so. Wani dattijo ya rufe littafinsa. Na ci gaba da magana ba kai ba gindi, na faɗi Ringim, na faɗi Miga, na ce ni ne na ɓata, ba mu taɓa yarda ba, kunya ce ta hana ni. Baffa ya sauke hannunsa. Sannan ya tambaye ni me ya sa ban fara da shi ba. Na ce tsoro. Ya ce to ga shi tsoron ya kai ni yawon duniya, dattawan suka yi dariya, ni ma na yi.

Ya ce 'ya ta ubanta ce, shi ba zai ƙwace wa mutum haƙƙinsa ba. Amma ranar da Misbahu zai zo, shi ma zai zo Dutse, in maimaita abin da na faɗa a gabansa. Bai yi alkawarin komai ba.

Da muka fito na ga Zulfa a bayan asabarin ƙofar cikin gida. Yarinyar nan ba ta da aiki sai laɓe. A hanya ita ce take waƙa, har da dukan bayana tana kiɗa.

Litinin, 28 ga Agusta, da la'asar

Kasuwar Shuwarin, mu uku, har da Kubura a mota. Ban taɓa ganin tulin tabarmi da tukwane irin na yau ba. Mun sayo sabuwar tabarma saboda Baffa. Kubura ta yi ciniki kamar da, har ta sa mai tukwane rantsuwa. Zuciyata fes. Ina ganin za a dace. Bai yi alkawari ba, na sani, amma malami ba zai taso tun daga Aujara don ya ce a'a ba.

Ko zai taso?

Juma'a, 1 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Na share zaure. Na sake sharewa.

Asabar, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Zulfa tana nan.

Misbahu ya iso da hantsi, da sabuwar jaka a hannu, ba komai a ciki. Baffa ya riga shi. Muka zauna a zaure mu uku, Baffa ya ce in faɗa. Na faɗa, a hankali wannan karon.

Misbahu ya ce, "Yaya, ni abin da na ji, kun gama sallama. Uwarta har ta sayi katifa."

Ya ce tun da aka fara wannan magana ba wanda ya zo ya roƙe shi komai, ko ya ce masa a yi haƙuri. Ya ce matarsa har yau ba ta shiga taron mata saboda abin da aka faɗa mata a gaban jama'a.

Ana cikin haka Zulfa ta kawo ruwa. Ta durƙusa ta yi masa sannu da zuwa kamar yadda take yi wa kowane baƙo, sannan ta juyo wurina ta ce, Baba, a kawo abinci? Na ga fuskar Misbahu. Da ma ban gani ba. Ni na koya mata ladabin nan, kuma yau na ji kunyarsa.

Baffa ya yanke. Za ta zauna a nan ta ƙare firamare, kowane hutu a kai ta Kaduna ta san uwarta da ƙannenta. Amma da sharaɗi: kafin watan nan ya ƙare, Kubura za ta je Kaduna da ƙafarta, ta shiga ɗakin matar Misbahu, ta ba ta haƙuri a gaban matan da suka ji. In ba ta je ba, hutun Disamba Misbahu ya zo ya ɗauki 'yarsa, shi kuma ba zai sake sa baki ba. Misbahu ya ce ya ji. Ya tashi bai ci abinci ba, bai shiga ya gai da yayarsa ba, ya tafi da jakarsa.

Kubura ta hango shi ya fita shi kaɗai. Ita a wurinta an gama, ba ta san da sharaɗin ba. Tun ɗazu take rabon tuwo a maƙwabta, ina jiyo dariyarta daga nan. Rabon da in ji ta tun watan Yuli. Na san matata. Ranar da ta dawo daga sunan nan ta rantse ba za ta sake taka gidan ba.

Gobe, in Allah ya kai mu:

Raka Baffa tasha da sassafe.
Wanke kayan makarantar Zulfa, a kai wa tela siket ɗin ya sake shi, ya yi mata kaɗan.
Ɗigar kwanon zaure, ta kusurwar gabas.
Tambayar ranar da motar Kaduna take tashi.
Faɗa wa Kubura.